Fili ya cika, aljihu wayam: ina kuɗin damben ƙauye yake shiga?

Mai shirya dambe, yankin Taura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon manyanmu da suka daɗe a harkar nan su faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Tun da aka gama yankan gero na kafa filin dambe a bayan garinmu. Ran Lahadi muke yi bayan la'asar, don mu tari masu dawowa daga kasuwar Gujungu. Lahadi uku ke nan. Jama'a kam alhamdu lillahi, idan ka hango ƙura daga bakin titi sai ka ce hawan salla ake yi. Amma ga lissafin Lahadin da ta wuce. Mutum 210 ne suka biya kuɗin ƙofa, naira 500 kowanne, ya kama 105,000. 'Yan dambe huɗu da na ɗauko daga Kano, mota da abincinsu 40,000, sallamarsu 60,000. Makaɗa 20,000. Janareta da lasifika 15,000. Hayar benci da gyaran zana 12,000. 'Yan sintiri 10,000. Duka 157,000. Sai da na sayar da ɗan akuyan da nake kiwo kafin na cike giɓin 52,000. Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda suka yi kallo a waje sun fi na ciki yawa. A kan tsamiyar da ke gabas da fili kaɗai na ƙirga mutum sama da ashirin, ban da yaran da suka huda zana. Ƙanena kuma ya ɗauki wani kisa, wato inda ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, da waya ya sa a Facebook, mutum sama da dubu arba'in sun kalla, ko sisi bai shigo ba. Ina son wasan nan har cikin raina, ba na so ya mutu a hannuna. Ta ina ake kama shi?

Mai cajin waya:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai a ganina ka daina wahalar da kanka da ƙofa. Kuɗin yanzu a waya yake. Dubi Dambe Warriors, a 2017 suka fara sa bidiyon dambe a YouTube, yau har mutanen da ba su san inda Najeriya take ba suna kallo. Mutum dubu arba'in fa ka ce. Ka buɗe fili kyauta kowa ya shigo, ku mayar da hankali kan ɗaukar hoto.

Direban hanyar Gujungu:
Kafin a yi nisa, ranar ma akwai gyara. Ni nake ɗaukar mutanen nan. Mai kuɗi a aljihu ran Lahadi ba ya barin Gujungu sai rana ta yi ja, wani sai bayan magariba, ya gaji, ga kaya a kansa, ga tsoron hanya. Wanda yake gari da la'asar shi ne wanda bai je kasuwa ba, kuma galibi don ba shi da abin zuwa ne. Su ne ka gani a kan tsamiya. Ka gwada Litinin, lokacin da wanda ya sayar da riɗi ko rago ya kwana da kuɗinsa ya huta.

Tsohon ɗan dambe:
Ɗana mai fili, na karanta lissafinka sau biyu, jikana ne yake rubuta mini wannan amsa. Dubu ɗari cikin dubu ɗari da hamsin da bakwai a kan baƙi huɗu ta tafi. A nan ciwon yake, ba a kan tsamiya ba.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaure hannu. A zamaninmu da an yi kaka, rundawa sukan ɗauki kalangu su bi gari gari. Ba wanda yake ɗauko mu da mota. Mukan sauka gidan sarkin fawa, a ba mu fura, da yamma a fita fili. Abin da yake tara jama'a shi ne garin wane ya zo garin wane. Tsoho mai sanda zai taso daga gado don an ce ɗan ƙanwarsa zai shiga. Wanda ka ɗauko daga Kano, ko da ya iya, ɗan wa ne a garinku? A gidan dambe na birni, irin na Ado Bayero Square da ke Sabon Gari ko na Dei-Dei a Abuja, mutane sun rabu Kudu da Arewa da Guramada, kowa ya san ɓangarensa, yana biya don ɓangarensa. A ƙauye ɓangaren mutum garinsu ne. Kuma baƙon da aka riga aka yi masa ciniki ba ya son a ɓata masa fuska, sai ya yi turmi uku na wasan, wato karo ukun da ake yi, yana zagaye, a tashi babu kisa. Na tabbata ka ga haka.

Ka nemi samarin garuruwan da ke kewaye da ku, ko'ina akwai shago, wato yaron wani babban ɗan dambe, da yake neman inda zai nuna kansa. Ka haɗa gari da gari, a sa zare, wato a tsayar da wa zai kara da wa, tun mako guda kafin ranar, magana ta zaga majalisu da teburin mai shayi. Baƙo babba sau ɗaya ya isa, ran rufe wasa.

Mai shirya dambe, yankin Taura:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi haka aka yi, wasa biyu cikin nasu babu kisa, har aka fara yi musu ihu. Kisan da ya zaga a waya ma tsakanin yaranmu ne na gida da na sa a farko don a ɗumama fili. Amma Baba, tsorona shi ne in ba a ji sunan wani daga birni ba, anya mutane za su fito?

Tsohon ɗan dambe:
Ɗana, kai da bakinka ka ce na yaran gida ne ya zaga.

Ɗalibi a Dutse:
Ina neman afuwar manya, ina so in yi magana a kan abin da ɗan'uwa mai caji ya kawo, don kada Yaya ya buɗe fili kyauta yana jiran kuɗin da ba zai zo bana ba. Na shekara biyu ina ɗora bidiyo, ga abin da na gani.

YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai kana da masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Mu ɗauki kisan nan na minti ɗaya. Ko da duk mutum dubu arba'in sun kalle shi daga farko har ƙarshe, minti dubu arba'in ne, bai kai awa 700 ba. Kuma a Facebook aka kalla, ba ya shiga lissafin YouTube. Bayan ka cika sharaɗi, sai kuɗinka ya taru ya kai dala 100 kafin a turo. Kafin nan za su aiko da wata lamba a takarda ta gidan waya don su tabbatar da adireshinka. Ni sai da na yi amfani da adireshin kawuna na cikin gari, mu da ba mu da lambar gida a ƙauye wannan kaɗai aiki ne. Sannan bidiyon da jini ya fito a fili sau da yawa sukan rage masa talla. Wanda kuma ya ɗora waƙar wani a kan bidiyonsa, mai waƙar ne zai iya kwashe kuɗin. Facebook sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗin talla, shi ma da nasa sharuɗɗan. Ga data, wadda aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Kallon da ya fito daga Najeriya kuma ba ya kawo kuɗi kamar wanda ya fito daga Amurka ko Ingila, domin masu talla a can sun fi biya.

Ba ina cewa a bar ɗauka ba ne. A ɗauka, a tara, a riƙa sa sunan ɗan dambe da garinsu da ranar wasa a kan kowane bidiyo. Amma a bana aikin wayar nan shela ne. Sanƙira ce da take kai magana Ringim da Gumel da Hadeja ba tare da an biya mata kuɗin mota ba.

Mai cajin waya:
To su waɗanda suka yi nasara fa? Ga African Warriors na Maxwell Kalu, har tashoshin waje suna nuna damben da suke shiryawa.

Ɗalibi a Dutse:
Kamfani ne mai jari da ma'aikata da kyamarori. Yaya akuyarsa ya sayar.

Mai abinci a bakin fili:
Sannunku da muhawara. Ƙanena mai fili, ni ce nake kafa tukunya a kusa da inda ake ajiye babura, ka san ni. Tunda gaskiya ka nema, bari in faɗa maka wadda ba ta yi mini daɗin faɗa ba. A Lahadi ukun nan ban taɓa komawa gida da ko cokali ɗaya na shinkafa da wake ba. Ta ƙarshe ma sai da na aika yarinya ta ƙaro kwano biyu. Mai awara ta sayar, mai rake ya sayar, mai tsire ya sayar, yaron da yake tsaron babura yana karɓar ɗari ɗari. Kai ka tara mana jama'a, mu muka kwashe, kai ka koma gida da bashi. Wannan ba daidai ba ne, kuma in ka gaji ka daina mu ma mun rasa.

Ka yanka mana kuɗin wuri. Ni zan iya ba da 1,000 duk ranar wasa ban ji komai ba, masu ƙaramin tire ka bar su a 200 ko 300. Amma da sharaɗi. Ka jawo mana ƙwan lantarki ɗaya daga janaretanka, don in duhu ya fara ba ma ganin canji. Ka sa a share wurin. Ka ware mana gefe guda nesa da inda samari suke turereniya, saboda 'yan matan da suke taya mu. Wurin babura kuma ka karɓe shi ya zama naka, ka sa yaro amintacce da igiya da lamba, ka biya shi.

Mai shirya dambe, yankin Taura:
Yaya, Allah ya saka da alheri. Kunya ce ta hana ni, ina ganin kamar za a ce na zo cin guminku.

Mai abinci a bakin fili:
Ba wanda zai ce. A kasuwa ma muna biyan kuɗin rumfa.

Makaɗin kalangu:
Ni ma ina da ta cewa, domin na ga an rubuta makaɗa 20,000 kamar mu ne muka cinye riba. Mu biyar ne, da fatar kalangu da take fashewa, da maƙogwaro da yake dushewa. A da ba ma damuwa da abin da mai fili zai ba mu, liƙi ya ishe mu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 hannun mutane ya canza, kowa sai ya ce zai tura ta waya, kuma kirari ba ya jiran lambar asusu. Ga shi dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, an kuma kama mutane a kan haka a 'yan shekarun nan, wasu masu hali sun ja baya. Mafita mai sauƙi ce. A ajiye faranti a gaban makaɗa da wani a gefen 'yan wasa, a kawo mai POS ya zauna cikin fili, mai son yin kyauta ya ciri kuɗi nan take ya ajiye, a faɗi sunansa a lasifika.

Wannan faɗin suna shi ne abin da kake bayarwa kyauta alhali shi ne mafi tsada a filinka. Dillalin riɗi, mai shagon taki da maganin feshi, mai injin casar shinkafa, mai sayar da babura, duk suna son manoma ɗari biyar su ji sunansu a wuri ɗaya. Ka je ka same su tun kafin wasa. Wane ya ɗauki nauyin dambe na uku, ya sa buhun taki ko turmin atamfa ga wanda ya yi kisa. Ni kuma in gyara masa kirari. Ba ka fitar da ko kwabo ba, ɗan wasa ya samu, mai kaya ya samu.

Malamin makarantar allo:
Ina bin maganarku tun ɗazu. Ni ba mai zuwa dambe ba ne, kuma ba zan ɓoye ba, da za a bi tawa da an nemi wata sana'ar. Amma tunda ana yi, akwai haƙƙin gari a kanku. Lahadi biyu almajiraina suna ɓacewa daga la'asar. An kira magariba kalangu yana tashi. Na kuma ji da kunnena samari suna cewa na sa dubu a kan wane. Wannan caca ce, kuma ita ce take kawo faɗa bayan an tashi. Ɗana, duk wanda zai ɗauki nauyin wasanka ka duba sana'arsa. Idan masu shagon caca suka zo da kuɗi, za su fi kowa sakin hannu, kada ka karɓa. Masu sayar da ƙwaya kuma kada su sami wurin tsayawa a inuwar zanarka.

Mai shirya dambe, yankin Taura:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Maganar magariba laifina ne, baƙin ne suka iso a makare. Daga yanzu ana idar da la'asar za a fara, a tashi kafin kiran salla ko da saura wasa. Yara ƙanana kuma ba za a bar su ba sai da babba.

Ma'aikacin lafiya a karkara:
A lissafinka ban ga ko naira ɗaya ta jinya ba, kuma wannan ya fi giɓin 52,000 tayar mini da hankali. Dukan kai ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai tashi yana dariya, cikin dare ya fara amai, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko ya riƙa magana ba kan gado. Irin wannan asibiti ake kai shi a daren, ba a jira safiya, ba a tsaya jiƙa masa magani ba. Wanda ya suma a fili kada a sake sa shi wasa a ranar, ko a makon. Ka tanadi mota ɗaya da mai a ciki, da akwatin auduga da bandeji da safar hannu. Alƙalin wasa ya taɓa zaren da kowa ya ɗaure hannu da shi kafin a shiga, kada a ɓoye wani abu mai kaifi a ciki. Kuma a daina haɗa yaro da wanda ya ninka shi jiki don kawai a sami kisa mai kyau a waya.

Matashin ɗan dambe:
Gafara dai manya. Ban so in yi magana ba, amma ni ne wanda aka kashe a bidiyon da ake ta faɗa.

Ba na jin haushin faɗuwa, wanda bai taɓa faɗuwa ba bai yi dambe ba. Turmi na biyu ne, na kai hannu ƙafata ta zame a kan yashi, ya same ni a muƙamuƙi. Kwana huɗu kunu kawai nake iya sha. An ba ni 3,000 a ranar, na gode, a kan allura da magani ta ƙare. Abin da yake damuna shi ne bidiyon. An yanke farkon inda na kai shi ƙasa da gwiwa ɗaya alƙali bai gani ba, an bar faɗuwata kawai, an maimaita ta sau uku a hankali. Wasu sun kwafa sun sa a nasu shafukan da dariya a kai. Na je Gujungu sayen takalmi yara suna nuna ni. Gidan da nake neman aure an nuna wa mahaifinta. Ba wanda ya tambaye ni kafin a sa. Yanzu ina ji ana lissafin yadda za a sami dala da shi. To idan dalar ta zo, nawa ne na wanda muƙamuƙinsa ya kumbura?

Mai cajin waya:
Ɗan'uwa ka yi haƙuri, ina cikin waɗanda suka tura wa mutane. Ban yi tunanin wannan ba. Amma fa a fili aka yi, kowa da wayarsa, ba mai iya hana ɗauka.

Tsohon ɗan dambe:
Yaro, ka yi magana irin ta maza. A zamaninmu in an kashe ka, garin da aka yi ne suka gani, bayan wata biyu ka rama a wani gari, labarin ramuwar ya shafe na faɗuwar. Yanzu faɗuwa ba ta tsufa. Ɗana mai fili, wannan yaro shi ne jarinka, ba janareta ba. Ka sa masa zare da wanda ya kashe shi, ka ba shi mako uku ya warke, ka sa a ɗauki wasan tun daga ɗaurin hannu har ƙarshe. Ranar ka ga ko tsamiya za ta ɗauki mutanen da za su zo.

Ɗalibi a Dutse:
Ba a iya hana mutane ɗauka, gaskiya ne, amma na fili shi ne zai zama cikakke, mai suna da kirari, kuma dogon bidiyo ne yake tara awannin da na faɗa. Shawarata a rubuta yarjejeniya tun yanzu da babu ko sisi, a gaban sarkin fawa: in kuɗin bidiyo ya fara shigowa, kaso kaza na 'yan wasan da ke ciki ne, wanda ya yi kisa da wanda aka kashe daidai wa daida. Ni na ce rabi.

Makaɗin kalangu:
Rabi ga 'yan wasa, to kiɗan da ke tashi a ciki fa? A kashe sauti a ga ko akwai mai kallo.

Mai shirya dambe, yankin Taura:
Ƙanena, ka yafe mini. Ni na ce a ɗora, ban kuma neme ka ba. An sauke shi daga wajenmu yanzun nan, gobe da safe ina zuwa gidanku in gaishe da Baba in duba ka, sauran kuɗin magani a kaina yake. In ka yarda da ramuwa, kai za ka faɗi ranar.

Ga abin da na tsayar zuwa yanzu. Wasa ya koma Litinin. Ba baƙo sai ran rufewa. Ƙofa zan sauke ta zuwa 300 in ga ko na kan tsamiya za su sauko. Kuɗin wuri da na babura kamar yadda Yaya ta faɗa, kuma daga cikinsa za a ware na mota da magani kafin a taɓa komai. Maganar kason bidiyo ban iya yanke ta ni kaɗai ba, ga makaɗa ma da tasu hujjar, sai mun zauna. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan tunkari garuruwan maƙwabta, don akwai wanda rabonmu da su tun rigimar ƙwallo ta bara.

Matashin ɗan dambe:
Na yafe Yaya. Mako uku ya yi mini. Amma a zuba ruwa a danne yashin tsakiyar fili.

Tsohon ɗan dambe:
Kada ka aika saƙon waya, kada kuma ka fara da samari. Ka sayi goro, ka ɗauki sarkin fawanku, ku je wurin nasu sarkin fawan ran Juma'a bayan an sauko. Ku fara biyawa ta ƙofar dagaci ku yi gaisuwa. In kun tsayar da rana ka sa a sanar da ni, jikana zai kawo ni a babur in duba zaren yaran da kaina.